Bindigar Aljihu a Amurka

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 2022 cewa ɗan ƙasa yana da haƙƙin fita da bindiga domin kare kansa, mas'alar zaɓen wadda za ta ɓuya a aljihu ta ƙara samun muhimmanci, kuma irin su Ruger LCP, mai cin harsashi 6 da nauyin da bai kai giram 300 ba, suna cikin waɗanda ake nema. Sai dai rashin nauyin nan, wanda shi ne falalarta, shi ne kuma aibinta, domin tana zabura a tafin hannu yayin harbi, saiti ya yi wuya; saboda haka masana suka sharɗanta yawan gwaji, da kube mai rufe kunama, ga shi kuma dokar lasisi ta bambanta daga jiha zuwa jiha.