Haihuwa Cikin Ruwa A Gida: Ko Ajin Koyon Naƙuda Ya Cancanci Kuɗinsa?

A ƙasar Ingila, inda kusan dukan mata a asibiti suke haihuwa, akwai waɗansu 'yan kaɗan, wajen 2 cikin 100, da kan zaɓi su sauka a gida. Da yawa daga cikinsu sukan yi hayar wani babban baho na roba wanda ake hura wa iska, a girka shi a tsakiyar falo, a cika shi da ruwan ɗumi, mace ta shiga ta yi naƙudarta a ciki, wani lokaci ma har ta haihu a cikin ruwan. Kafin ranar ta zo, abin da kan dami irin waɗannan mata da mazansu shi ne ko su biya kuɗi su shiga ajin da ake koyar da dabarun jure naƙuda ba tare da magani ba. Asibitocin gwamnati suna da nasu darussan kyauta, amma na ƙungiyoyi da malamai masu zaman kansu kan ci fam 200 ko fiye. Masu ganin asarar kuɗi ce, hujjarsu ita ce ruwan ɗumin shi ne maganin zafin, ga kuma ungozoma a zaune, to, me ya rage a koya?

Wanda ya assasa wannan karatu wani likitan Ingila ne, Grantly Dick-Read, wanda ya wallafa littafinsa na farko a kan batun cikin 1933. A ganinsa tsoro ne ke sa jikin mace ya ɗaure, ɗaurewar kuma ita ke haifar da zafi, saboda haka in an kawar da tsoro ta hanyar ilmi an kawar da yawancin azabar. Cikin hujjojinsa har da zaton da ya yi cewa matan ƙauyukan Afirka da sauƙi suke haihuwa. Duk wanda ya san yadda kunya kan sa mai haihuwar fari a ƙasar Hausa ta cije, ta ƙi ko nishi don kada a yi da ita, ya san shirun mace ba shaidar rashin ciwo ba ne. Amma duk da haka ra'ayin likitan ya sami karɓuwa, har cikin 1956 wata mata mai suna Prunella Briance, wadda ta rasa jaririyarta wajen haihuwa, ta kafa ƙungiyar da yanzu ake kira National Childbirth Trust don yaɗa koyarwarsa. A Faransa kuwa Dokta Fernand Lamaze ne ya ziyarci Tarayyar Sobiyet cikin 1951, ya komo birnin Faris da dabarar sarrafa numfashi. Daga baya Amurka ta fito da nata hanyoyin: ta Dokta Robert Bradley, wadda ta ɗora wa miji aikin tallafa wa matarsa, da ta Marie Mongan ta 1989, wadda ke koya wa mace ta kwantar da hankalinta kamar mai shirin barci.

Shi ruwa daga baya ya shigo. Dokta Michel Odent na asibitin garin Pithiviers a Faransa ya sa baho a ɗakin haihuwa don mata su sami sauƙin ciwon baya da mara, sai ya zamana waɗansu haihuwa takan zo musu kafin su fito. Cikin 1983 ya ba da rahoton mata 100 da suka haihu haka a mujallar likitoci ta Lancet. Cikin 1992 wani kwamitin Majalisar Dokokin Ingila ya ba da shawarar asibitoci su tanadi irin wannan baho ga masu so.

To, ko karatun yana rage zafi kamar yadda masu shi ke tallarsa? A nan shaidar masu bincike ba ta da daɗin ji ga masu ajin. A ƙasar Suwidin an yi gwaji cikin tsanaki, aka buga sakamakonsa cikin 2009. An raba masu cikin fari fiye da 1,000 gida biyu, aka koya wa kashi ɗaya numfashi da sassauta jiki irin na Lamaze, kashi ɗaya kuwa aka ba su darussan yau da kullum. Da ranar ta zo, 52 cikin 100 na kowane kashi suka karɓi allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya, babu bambanci ko kaɗan. A Ingila ma cikin 2015 an gwada dabarar kwantar da hankali a kan mata 680, ba ta rage neman allurar ba, sai dai matan sun ce fargabarsu ta yi sauƙi. Wani ƙaramin gwaji a Ostiraliya cikin 2016, na mata 176, shi ne ya nuna ragi mai yawa, amma a can an haɗa dabaru iri-iri ne, har da tausa da danna waɗansu gaɓoɓin jiki, an kuma koya wa mazan hannu da hannu. Ruwan ɗumi shi kaɗai ya fi ajin shaida: da aka tattara gwaje-gwaje 15 cikin 2018, an ga zama a ruwa a farkon naƙuda yana ɗan rage bukatar allurar. Saboda haka wadda za ta biya kuɗinta don a yi mata alkawarin haihuwa ba ciwo, lalle ta sayi abin da babu shi a kasuwa.

Amfanin ajin a wani wuri yake, wurin da masu talla ba su cika son ambata ba. Cikin 2011 aka fitar da babban binciken da ya bi diddigin mata kusan 64,500 masu lafiyayyen ciki a Ingila, don a ga yadda wurin haihuwa ke shafar uwa da ɗa. Daga cikin masu haihuwar fari da suka shirya sauka a gida, 45 cikin 100 sai da aka kai su asibiti, ko ana cikin naƙuda ko jim kaɗan bayan haihuwa. Masu haihuwa ta biyu zuwa sama kuwa wajen 12 ne kawai cikin 100. Har ila yau, ga 'ya'yan fari, mummunan sakamako ya kai kusan 9 cikin 1,000 a gida, alhali a asibiti bai wuce kusan 5 ba. Ga sauran matan ba a ga bambanci ba. Watau kusan rabin masu cikin fari da suka hura baho a falo, a gadon asibiti labarinsu kan ƙare, yawanci ba don wani tashin hankali ba sai don naƙuda ta yi tsawo. Mace da mijinta da aka zauna da su tun ciki yana wata bakwai, aka bayyana musu dalilan da za su sa ungozoma ta ce a fito daga ruwa ko a kira motar asibiti, ba za su tsaya gardama ba a sa'ar da minti ɗaya ke da tsada. Dalilan kuwa sanannu ne: bugun zuciyar jariri ya sake, ko faya ta fashe aka ga ruwan ya gauraya da baƙin kashin jariri, ko jikin uwa ya yi zafi, ko jininta ya hau, ko jini ya ɓalle. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tsakiyar naƙuda ba lokacin fara muhawara ba ne.

Shi kansa bahon yana da ƙa'idojin da ba a sanin su sai an koya. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ce kada zafin ruwan ya wuce digiri 37.5, kuma a riƙa auna shi tare da zafin jikin matar kowace awa, domin in uwa ta yi zafi ɗan da ke cikinta ya fi ta jin jiki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin ba shi da dangantaka da tafasasshen ruwan wankan jego. Baho irin wannan kan ci lita 400 ko fiye, watau nauyin da ya doshi rabin tan in an haɗa da mai shiga, don haka sai an duba daɓen da za a ɗora shi, an kuma gwada tsawon lokacin da famfon gida zai ɗauka kafin ya cika shi. Ba a kuma tara ruwan tun da kwanaki. Cikin 2014 hukumar lafiya ta Ingila ta yi gargaɗi a bar amfani da bahon da ake cikawa kafin naƙuda ana ɗumama shi da inji, bayan wani jariri da aka haifa a gida ya kamu da mugun ciwon huhu daga ƙwayar cutar Legionella, wadda ke yaɗuwa a ruwan ɗumi da ya daɗe a tsaye. Duk wannan ɗawainiya, da sabon tiyo, da ma'aunin zafi, da ƙara ruwa, da tsane wuri, a wuyan miji take, domin idon ungozoma a kan uwa da ɗa yake. Mijin da bai taɓa hura bahon ba sai daren da ciwo ya tashi, shi ma ya zama wani nauyi a ɗakin.

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne kada jariri ya shaƙi ruwa. Jariri mai lafiya ba ya jan numfashi sai iska ta taɓa fuskarsa, kafin nan ta cibiya yake samun abin da yake bukata. Shi ya sa ake koya wa mace cewa in kan ɗa ya fito, ko dai ta zauna cikin ruwa sosai har ya gama fitowa, ko kuwa in ta riga ta miƙe kada ta koma. Da zarar ya fito sai a ɗago shi a hankali, ba da fizga ba, don cibiya tana iya tsinkewa. Binciken Jami'ar Cardiff na 2024, wanda ya duba takardun mata fiye da 87,000 da suka shiga baho, bai ga ƙarin haɗari ga uwa ko ɗa ba a wurin waɗanda suka haihu cikin ruwa, sai dai tsinkewar cibiya ta fi yawa a wurinsu. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka kuwa, a ra'ayin da ta bayar cikin 2016, ta yarda da zama a ruwa lokacin naƙuda amma ta fi son a fito a haihu a waje.

Bai kamata a manta da abin da kalmar gida take nufi a wannan lissafi ba. A Ingila doka ta hana wanda ba ungozoma mai rajista ko likita ba ya karɓi haihuwa, sai dai in ta gaggawa ce. Yawanci ungozoma biyu ke halarta sa'ad da ɗa zai fito, da allurar tsayar da jini da kayan farfaɗo da jariri a jakarsu, ga mota da asibiti a kusa. Adadin da aka ambata a sama na irin wannan gida ne, ba na gidan da ke nesa da kwalta ba. Amma ita malamar aji, babu dokar da ta ce sai tana da rajista. Kowa na iya yin kwas na 'yan kwanaki ya buɗe nasa. Akwai azuzuwan da kan hana ko ambaton kalmar ciwo, su kuma wuce batun asibiti da tiyata da sauri don kada su ɓata wa mace rai. Wadda ta fito daga irin wannan aji, in aka kai ta asibiti, sau da yawa takan ɗauka ita ce ta gaza, ta yi watanni tana zargin kanta a kan abin da ya sami kusan rabin takwarorinta.

Macen da ta taɓa haihuwa lafiya, zama ɗaya ko biyu da ungozomarta a kan ƙa'idojin baho na iya isarta, ta adana kuɗinta. Mai cikin fari kuwa, kafin ta biya ko sisi, ya kamata ta tambayi malamar ko awa nawa za a ware wa batun tafiya asibiti, ko za a sa mijinta ya gwada aikinsa da hannunsa, da kuma ko daga cikin ɗalibanta na bara mata nawa ne suka ƙare a asibiti.