Saɓanin Masoya Kan Fim Ɗin El Camino

Sa'ad da Netflix ya fitar da El Camino ran 11 ga Oktoba, 2019, shekara shida bayan kammala Breaking Bad, wasan talabijin na Amurka game da malamin makarantar da ya koma haɗa miyagun ƙwayoyi, sai masoya suka yi saɓani kan wannan fim da ya ci gaba da labarin wasan. Wasu, waɗanda hujjarsu ta fi rinjaye a ganina, suka yaba wa Vince Gilligan, daraktan fim ɗin, domin ya bayyana makomar Jesse Pinkman, abokin harkar malamin, tun daga kuɓutarsa daga ƙangin bauta har isarsa Alaska. Wasu kuwa suka ce ƙari ne marar larura, tun da ƙarshen asali ya wadatar, har suka shiga tsegumin cewa Jesse Plemons, mai fitowa a matsayin Todd, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsare Pinkman, ya yi ƙiba fiye da yadda suka san shi.