Takardar Shaida Ita Kaɗai Ba Ta Biyan Nas

'Yan'uwa manoma, ƙauyuka da yawa sun haɗa kuɗi sun aika ɗa ko 'ya makarantar koyon jinya, suna sa zuciya ɗakin maganin ikilisiya zai samu ma'aikaci. Amma akwai aikin da ya rage bayan an ci jarrabawa. Bari mu duba yadda yake a Amurka.

A 1965 wata nas, Loretta Ford, da likitan yara, Henry Silver, suka fara koya wa nas-nas duba marasa lafiya a Jami'ar Kolorado, domin likitoci sun yi ƙaranci a karkara. A wannan shekara kuma aka kafa Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati domin masu shekara 65 da abin da ya fi. A 1977 Shugaba Jimmy Carter, manomin gyaɗa, ya sa hannu a dokar da ta sa gwamnati ta riƙa biyan ƙananan asibitocin karkara domin aikin irin waɗannan nas-nas. Dokar 1997 kuwa ta ba su damar neman kuɗin da sunan kansu ko'ina. Ana ba su kashi 85 cikin ɗari na abin da ake ba likita.

Amma kuɗin ba ya zuwa sai an bi hanya. Sabuwar nas za ta samu digiri na biyu, da shaidar hukumar jarrabawa, da lasisin jiharta. Sa'an nan ta karɓi lambar NPI mai alƙaluma 10, ta cika takardar CMS-855I, a rubuce ko ta intanet. Bayan kowace shekara 5 a sabunta rajistar.

Ga inda asara take. In an amince da ita, kwana 30 kawai ake waiwaya baya daga ranar da ta miƙa takarda. Wadda ta yi wata uku tana duba tsofaffi kafin ta miƙa, aikin wata biyu ba za a biya shi da sunanta ba. Babban asibitin birni zai iya jure wannan. Ƙaramin ɗakin magani kuwa zai rasa kuɗin magani da albashi, nas ɗin ta koma birni.

A Nijeriya ma haka ne, ko da yake a nan asibiti ne ake yi wa rajista. Dokar 2022 ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Jihohi suna da nasu hukumomin, kamar PLASCHEMA a Filato da KADCHMA a Kaduna. Ba sa biyan asibitin da ba su tantance ba, kuma lasisin ma'aikata yana cikin abin da suke dubawa.

Saboda haka a taron ƙungiyar gama kai mai zuwa ku yi wa kwamitin ɗakin magani tambaya uku. Nas ɗinmu tana da lasisin Majalisar Nas-nas da Ungozoma, kuma bai ƙare ba? An tantance ɗakin maganinmu? Wane ne ke riƙe da takardun? In akwai wanda ke gama makaranta bana, ku ware kuɗin mota da na rajista tun daga kaka. Ranar gini, ranar zane. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku.