Ruwa Abokin Aiki: Shin Ƙara Shan Ruwa Yana da Amfani ga Mai Juna Biyu?

Uwargida, idan kina zuwa awon ciki, babu shakka kin sha jin ungozoma tana cewa a riƙa shan ruwa sosai. A gida kuma kin sha jin akasin haka. Wata ta ce miki ruwa ne ke kumbura ƙafa, wata ta ce ruwan sanyi yana sa ɗa ya yi ƙato har haihuwa ta zo da gardama. Ke kanki kin gaji da tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare, saboda haka da la'asar ta yi sai ki ƙaurace wa randa. To, ina gaskiyar take?

Amsar ta danganta ne da yadda kike sha tun farko. Matar da ruwa bai isar jikinta ba za ta ga bambanci cikin 'yan kwanaki idan ta ƙara. Wadda kuwa take shan abin da ya wadace ta, ƙarin ba zai jawo mata komai ba illa yawan zagayawa.

Me ya sa buƙatarki ta ƙaru?

Tun daga farkon ciki jinin jikinki yake ƙaruwa, har ya kai ƙarin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari kafin haihuwa, domin ya isar da abinci da iska ga jariri ta hanyar mabiyiya. Mafi yawan wannan ƙari ruwa ne. Haka kuma ruwan da jariri ke kwance a cikinsa, wato wanda ke zubowa idan faya ta fashe, yakan kai kimanin mililita 800 a wajen mako na 34, kuma kullum jiki yana sabunta shi. Ƙodarki ma aikinta ya ƙaru, don tana tace dattin mutum biyu ne.

Ga kuma yanayin ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa da dama na arewa, kina girki a gaban murhu gumi yana zuba. Da hunturu kuwa busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki alhali ba ki jin ƙishirwa sosai.

Nawa ya kamata ki sha?

Babu adadi guda da ya dace da kowa. A shekarar 2002 wani masanin aikin ƙoda a Amurka, Farfesa Heinz Valtin, ya bi diddigin shawarar nan da ta yaɗu cewa dole kowa ya sha kofi takwas a rana, bai kuma samu hujjar kimiyya da ta wajabta hakan ga lafiyayyen mutum mai zaune a ƙasa marar zafi ba. Amma mai ciki daban ce. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta mata lita 2.3 a rana a shekarar 2010, idan an haɗa da ruwan da ke cikin abinci. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka kuma tana ba da shawarar kofi 8 zuwa 12. A ma'aunin da muka saba da shi, ruwan leda ɗaya rabin lita ne, ke nan leda huɗu zuwa shida a wuni. Ranar da kika yi gumi da yawa sai ki ƙara. Koko, kunu, fura da nono, romo, kankana da lemo duk suna cikin lissafi.

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne launin fitsarinki. Idan yana fitowa ruwan ɗorawa mai haske, ruwa ya ishe ki. Idan ya yi duhu kamar shayi, ga shi kaɗan, ga ƙarfin wari, to jiki yana neman ƙari. Sai dai ki sani wasu ƙwayoyin bitamin da ake bayarwa a wajen awo suna sa fitsari ya yi rawaya shar, wannan ba abin damuwa ba ne.

Amfanin da za ki iya gani

Na farko shi ne kariya daga ciwon mafitsara. Ciki yana sa fitsari ya riƙa jinkiri a hanyarsa, ƙwayoyin cuta su samu damar hayayyafa. A wani bincike da aka buga a 2018, an bi mata 140 a ƙasar Bulgeriya masu fama da wannan ciwo a kai a kai, waɗanda kuma ba su shan ruwa sosai. An sa rabinsu su ƙara lita ɗaya da rabi kullum har shekara guda, sai yawan dawowar ciwon ya ragu da kusan rabi a cikinsu. Matan ba masu ciki ba ne, amma darasin a fili yake. Duk da haka, idan kin riga kin fara jin zafin fitsari, ciwon mara ko ciwon kwiɓi da zazzaɓi, ruwa ba zai warkar da ke ba. Ki zo a gwada fitsarin a ba ki magani, domin ciwon yana iya hawa ƙoda, har ya tayar da naƙuda kafin lokaci.

Na biyu, sauƙin bayan gida. Ciki kansa yana rage motsin hanji, maganin ƙarin jini kuma yana ƙara taurin bayan gida, yunƙuri kuma ya tayar da basir. Mata da yawa kan daina shan maganin saboda haka, wanda kuwa kuskure ne babba. Abin yi shi ne ki ƙara ruwa, ki haɗa da zogale, alayyahu, kuɓewa, wake da 'ya'yan itatuwa.

Na uku, ciwon kai da jiri da kasala irin na tsakar rana sukan lafa idan ƙarancin ruwa ne ya kawo su. Haka ma ƙullewar cikin nan da ke zuwa jefi-jefi a watannin ƙarshe takan saki idan kin sha ruwa kin kishingiɗa ta gefe. Idan ba ta saki ba, ko tana dawowa a jere tana ƙara ƙarfi, kada ki jira.

Ga mai ciwon sikila kuwa, shan ruwa wani ɓangare ne na magani, domin bushewar jiki na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

Abin da ruwa bai jawowa, da abin da bai warkarwa

Shan ruwa ba shi ke kumbura ƙafa ba. Nauyin mahaifa ne ke danne jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafafu, shi ya sa kumburin ke ƙaruwa da yamma ya sace da safe. Rage ruwa ba zai hana shi ba. Ruwan sanyi ma ba ya ƙara girman jariri. Abin da ke iya yin hakan shi ne ciwon suga da ba a gano ba, saboda haka idan ƙishirwa ta yi miki yawa fiye da ƙima, ki faɗa wa likita a gwada jininki.

Akwai kuma alamomin da ba a tsayawa shan ruwa a kansu: kumburin fuska da hannuwa, matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki. Waɗannan na iya zama hawan jinin masu ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga. A garzayo asibiti ko da tsakar dare ne. Haka nan idan laulayi ya tsananta har kin wuni kin kwana ruwa bai zama a cikinki ba.

Kuma komai ya yi yawa ɓaci yake yi. Ɗirkar lita da yawa cikin ɗan lokaci, musamman lokacin naƙuda, yana iya tsinka gishirin jini. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ta bi adadin da likitanta ya yanka mata.

Wane irin ruwa?

Ƙazamin ruwa ya fi ƙishirwa haɗari. Ta cikinsa ake ɗaukar kwalara da taifot da ciwon hanta nau'in E. Wannan na ƙarshen ya fi yi wa masu ciki illa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya kashe har kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na matan da suka kamu a watanni ukun ƙarshe. Ya ɓarke a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar a 2017, inda masu juna biyu suka fi kowa rasa rayuka.

Saboda haka ruwan rijiya ko na 'yan garuwa a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana zaɓalɓala, ko a sa masa maganin kilorin bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Alif yana kwantar da laka ne kawai, bai kashe ƙwayoyin cuta. A rufe randa, a ware mata moɗa guda mai tsabta. Ruwan leda kuma a duba lambar NAFDAC, a wanke ledar kafin a kai baki.

Yadda za ki sauƙaƙa wa kanki

Ki fara da kofi ɗaya da kin tashi, sannan kofi ɗaya ko biyu a kowane lokacin salla da lokacin cin abinci. Ki fi ba da ƙarfi da rana, ki sassauta bayan isha don ki samu barci. Idan kina laulayi, ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tsakanin abinci. Ranar awo ki zo da gorarki, kada ki ƙi sha don gudun neman bayi. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa. Idan watan azumi ya same ki da ciki, ki tattauna da likita tun kafin a kama, domin addini ya yi wa mai ciki rangwame idan ana tsoron cutuwarta ko ta abin da ke cikinta.

Bayan haihuwa ki ajiye ruwa kusa da inda kike shayarwa, ki sha gwargwadon ƙishirwarki. Jariri kuwa nono kawai za a ba shi har wata shida, ko da bazara ce, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne.

Maigida, kai ma akwai naka. Ka tabbata akwai tsabtataccen ruwa a gida, a kuma ɗauke wa mai ciki jan guga da ɗaukar jarka. Iyayenmu mata, ku taimaka ku daina hana ta sha. Duk mai tambaya ta kawo ta ranar awo, ungozoma da likita suna nan don amsa ta. Allah ya sauke ku lafiya, amin.