Shirinmu na Wannan Makon: Idan Firintar 3D Ta Daina Fitar da Zare

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Wani ɗan'uwa daga Hunƙuyi a ƙaramar hukumar Kudan ya turo saƙon murya yana cewa firintarsa ta 3D tana fara aiki lafiya lau, bayan kamar minti talatin sai ya ji tana ƙas-ƙas-ƙas, kan yana ta yawo a iska, ba abin da ke fita. Ya ce har ya fara neman mai saye. To malam, ka dakata tukuna, kar ka yi asarar kuɗinka.

Ni ma hakan ya same ni a hunturun bara a shagona nan Maƙarfi. Wani manomin tumatir daga Ikara ya ba ni aikin ƙananan mariƙan tiyo guda arba'in na injin feshi, ya biya rabin kuɗi, muka yi da shi kwana uku. Na fitar da goma sha biyu, injin ya tsaya. Na canza nozil sau biyu, ban samu sauƙi ba. Sai a dare na biyu na gano ashe ba a nozil matsalar take ba. Zan gaya muku inda take.

Bari mu fara da yadda injin yake aiki. Wannan fasaha wani Ba'amurke ne mai suna Scott Crump ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1980. Bayan da haƙƙin mallakarsa ya ƙare a 2009, ga kuma aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, sai injinan suka yi arha har suka iso hannun irinmu. Aikin nasu mai sauƙi ne. Zaren roba mai kaurin milimita 1.75 yana naɗe a faifai. Wata 'yar giya mai haƙora tana cafke shi tana turawa ta cikin farin tiyo zuwa kan zafi. A can yake narkewa, ya fito ta bakin nozil, wanda yawanci faɗin raminsa milimita 0.4 ne kacal. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe wannan rami.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san idan ruwa ya ƙi isa fangali, ba ya fara da haƙa fangalin. Yana komawa bakin injin ne, ya bi tiyo taki-taki har ya ga inda ya lanƙwashe ko ya toshe. Haka za mu bi zaren nan, daga faifai zuwa nozil.

Na farko, faifan. Ka ja zaren da hannu, ka ga ko yana warwarewa ba gardama. Sau da yawa idan an saki bakin zare ya shige ƙarƙashin wani zagaye, sai ya ƙulle kansa, giya ta yi ta ja ba ya zuwa. Don haka duk lokacin da ka cire zare, ka soke bakinsa a ramin da ke gefen faifan. Sannan ka lanƙwasa ɗan guntu. PLA mai lafiya yana lanƙwasuwa kafin ya karye. Idan ya karye ƙaras kamar taliyar da ba a dafa ba, ko kana jin tas-tas a nozil lokacin aiki, to ya sha laima. Wannan ya fi faruwa da damina, musamman a markar Agusta. Maganinsa a busar da shi a zafin digiri 45 zuwa 50 na awa huɗu zuwa shida. Kar ka wuce haka, domin PLA yana fara laushi ne a wajen digiri 60, sai ya manne da juna ka rasa faifan gaba ɗaya. Bayan nan ka riƙa ajiye shi a bokiti mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi.

Na biyu, giyar da ke turawa. Wannan ƙas-ƙas ɗin da kake ji, motar ce take son tura zare ya ƙi gaba, sai ta zame baya. Ka buɗe ka duba haƙoran giyar. Idan sun cika da garin roba, sun daina cizo, ka goge su da tsohon buroshin haƙori. Ka duba sifirin da ke matse zaren: idan ya yi sako-sako giya za ta riƙa zamewa, idan ya matse da yawa za ta riƙa cinye zaren har ta yi masa rami. Idan hannun matsewar na roba ne, ka cire shi ka duba ƙasansa, domin yakan tsage a inda ido ba ya gani.

Akwai gwajin da nake yi a nan. Ka zafafa nozil, ka auna milimita 120 a jikin zare daga inda yake shiga, ka sa alama da maka. Ka umarci injin ya tura milimita 100. Idan komai daidai ne, milimita 20 za su rage. Idan abin da ya rage ya fi haka sosai, injin ba ya tura abin da ya kamata.

Na uku, farin tiyon. Dole ƙarshensa ya zauna daram a bayan nozil. Idan aka samu 'yar tazara ko da ta kaurin farce ce, narkakkiyar roba za ta taru a wurin ta daskare ta zama toshiya. Ka ciro shi ka duba. Idan bakin ya yi baƙi ko ya ƙone, ka yanke shi a miƙe da reza, ba a karkace ba, ka mayar har ƙasa, ka sa ɗan makullin da ke hana shi motsi.

Na huɗu, fanka, kuma a nan tawa matsalar take. A saman kan zafi akwai ƙarfe mai haƙarƙari da ƙaramar fanka ke hurawa, aikinsa ya hana zafi hawa sama. Ƙurar hunturu ta cika tawa fankar har ta koma juyi a kasalance. Sai zafi ya riƙa hawa a hankali, zare ya yi laushi tun bai isa inda ya kamata ya narke ba, ya kumbura ya maƙale. Alamarsa ita ce daidai abin da ɗan'uwanmu na Hunƙuyi ya faɗa: aiki yana farawa lafiya, sai an jima ya tsaya. Idan ka zaro zaren ka ga bakinsa ya kumbura ya yi kai, to ka duba fankarka. Abin yana ƙaruwa a bazara, Maris da Afrilu, musamman a shago mai rufin kwano. Kuma kar ka kashe injin da zarar ya gama. Ka bar fanka ta sauko da zafin ƙasa da digiri 50. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, fanka ta tsaya alhali kan yana da zafi, to ka sa ran toshiya idan ta dawo. Shi ya sa na mayar da tawa kan inbata.

Na biyar, sai nozil ɗin kansa. Ka fara duba zafin da ka sa: PLA yana son 190 zuwa 220, PETG kuma 230 zuwa 250. Idan ka yi aiki da PETG ka dawo PLA, ka fara tura sabon zaren a zafin PETG har tsohon ya fita tas, in ba haka ba ragowarsa ba za ta narke ba. Idan zare yana fitowa siriri yana lanƙwashewa gefe, datti ne a ramin. Ka zafafa, ka soka siririyar allurar da ke zuwa da injin daga ƙasa. Kar ka sa allurar ɗinki, ta fi ramin kauri, za ta ɓata shi.

Idan allura ba ta yi ba, ga dabarar da ta fi min aiki. Ka cire farin tiyon daga sama, ka zafafa zuwa 210, ka tura zare da hannu har ya fito. Ka kashe zafin, ka jira ya sauko wajen digiri 90, sai ka fizgo zaren sama da ƙarfi. Zai fito da siffar cikin nozil, dattin yana manne a jikinsa. Ka yanke, ka maimaita har bakin ya fito fes. Idan dole sai ka canza nozil, ka kwance shi da zafinsa, ka riƙe ƙarfen da sifana, ka ƙara ɗaure sabon da zafinsa. Ka yi hattara da yatsunka da kuma siraran wayoyin da ke gefe.

Ni dai a daren nan na wanke fanka, na fizgo toshiyar, na yanki guntun soso na ratsa zaren ta cikinsa kafin ya shiga giya, don ya riƙa share ƙura. Da safe na ga soson ya yi ja da ƙasa, duk da a cikin nozil za ta ƙare. Mutumin Ikara ya karɓi kayansa da yammacin rana ta uku, saura guda huɗu da na aika masa washegari ta hannun direba.

Malam na Hunƙuyi, ka fara da fankar nan, ka turo mana abin da ka gani. Duk mai irin wannan matsala ya ɗauki hoton bakin zaren da ya zaro ya turo, domin siffarsa kaɗai tana nuna inda toshiyar take. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.