Gani Ya Kori Ji: Wasannin Kiɗa Da Waƙa Da Suka Wuce Ba Mu Gani Ba

 Yau mun ɗan ajiye zancen kwalliya da girke-girke, tambaya zan fara yi muku. A cikinku wace ce ta taɓa zama gaban dandamali, ta ga an yaye labule, mutane sun fito da ransu da lafiyarsu suna wasan kwaikwayo, ga makaɗa a gefe, ana cikin magana sai a ɓarke da waƙa, 'yan amshi su karɓa?

Na san da yawa za ku ce ai kun ga irinsa a fim. To fim daban, wannan daban. Fim ko ya shekara 20 kina iya sake kunna shi ki kalla. Shi kuwa wasan dandamali, daren da aka yi shi a nan ya ƙare. Wadda ta gani ta gani, wadda ba ta gani ba sai dai ta ji a bakin mutane. Shi ya sa duk mai son wasan kwaikwayo za ki same ta da wani wasa da take cizon yatsa a kansa, tana cewa da ma an haife ni a lokacin. Ga kaɗan daga cikin waɗanda suka wuce mu, daga na manyan birane har zuwa na ƙofar gidanmu a nan ƙasar Bagudo.

SHAIHU UMAR A KAN DANDAMALI

Duk wadda ta yi darasin Hausa a sakandare ta san littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara bugawa a 1934. Labarin yaron nan ne na Kagara da aka sace tun yana ƙarami, aka ƙetare hamada da shi, Balarabe Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa har ya zama babban malami. Uwarsa kuwa ta bar gida ta shiga duniya nemansa, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ba ta sake sa shi a ido ba sai da ƙarfinta ya ƙare, suna haɗuwa ba da daɗewa ba rai ya yi halinsa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a farkon shekarun 1970 Umaru Ladan da wani masanin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Tirinidad mai suna Dexter Lyndersay sun mayar da wannan labari wasan dandamali, da kiɗansa da waƙoƙinsa, aka kuma buga wasan a littafi a 1975. Ki ɗan rufe ido ki auna: ayarin raƙuma, bayi a ɗaure, ga uwa ita kaɗai a tsakiyar fili tana kiran sunan ɗanta, ɗakin kallo ya yi tsit. Wallahi ko dutse ne a ƙirjinki sai kin share hawaye. Rubutun wasan yana nan, amma muryoyin da suka rera shi a waɗancan darare sun tafi ke nan.

Fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a kan labarin a 1976 shi ma saura ƙiris ya bi sahu. Shekaru da dama ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka tsinci faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Kun ga bambancin ke nan. Fim ya yi shekara 40 a cikin ƙura ya tashi, domin akwai abin da aka ajiye. Mu mutanen Kabi ma muna da namu abin tambaya, don shi dai wannan Adamu Halilu ya yi fim a kan Kanta na Kabi, mai birnin Surame, a ƙarshen shekarun 1970. Ki zagaya ajinku ki tambaya ko akwai wadda ta taɓa ganinsa.

WANDA HUKUMA TA HANA A GANI

Wani wasan lokaci ne ya raba mu da shi, wani kuwa hukuma ce ta tsaya a ƙofa. A ƙasar Yarbawa an yi wani shahararren mai wasa, Hubert Ogunde, wanda yake yawo gari-gari da motarsa da makaɗansa, kusan rabin wasansa waƙa ce da rawa. A 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu, sai Ogunde ya shirya wasa a kan abin a 1950, ya sa masa suna Bread and Bullet, wato burodi da harsashi. Da ya kawo shi Kano sai hukuma ta hana. A 1964 kuma ya yi wani mai suna Yoruba Ronu, gwamnatin Jihar Yamma ta ga kamar da ita ake, ta haramta wa ƙungiyarsa wasa a duk faɗin jihar har zuwa 1966.

Akwai abin da ya shafe mu mata a labarinsa. A wancan zamani iyaye ba sa yarda 'yarsu ta hau dandamali, ana ganin abin zubar da mutunci ne, don haka yawancin matan da ke wasa a ƙungiyar Ogunde matansa ne na aure. A nan Arewa ma haka abin yake, ko ma fiye. Sau da yawa a makarantun maza namiji ne yake ɗaura zane ya yi kallabi ya fito a matsayin mace. Iyayenmu mata da yawa suna gari ɗaya da wasan, suna jiyo kiɗa ta kan katanga, amma ba su gani ba.

Haka bikin FESTAC ya zo ya wuce, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Ƙasashe sama da 50 suka hallara a Legas da mawaƙansu da 'yan wasansu, har da Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Wata guda cur ana abu ɗaya, amma a ƙauyukanmu na bakin Kwara sai wanda ke da rediyo ne ya ji ƙamshinsa.

TSALLAKEN IYAKA

Mu da ke zaune a bakin iyaka muna da wata sa'a, domin ido biyu gare mu, ɗaya a Nijeriya ɗaya a ƙetare. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulkin Nijar a 1974, an farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa inda kowace jiha take kawo wasan kwaikwayonta da rawarta da waƙarta a yi gasa. A wannan zamani ne Yazi Dogo da abokan wasansa na Damagaram suka yi tashe, suna wasa da Hausa tsantsa, suna ba mutane dariya suna kuma tsokanar masu cin amana. 'Yan kasuwar da ke bi ta Kamba zuwa Gaya da Malanbil su suke dawo mana da labari. Gidan talabijin ya ɗauki wasu, amma waɗanda aka yi a filayen samariya na ƙananan garuruwa, 'yan mata na amshi suna tafi, babu wanda ya ɗauka.

Ta ɓangaren Benin kuwa zumuncin ya girmi iyakar kanta. Illo da Busa da Nikki duk manyan garuruwan Bargu ne masu jingina asalinsu ga Kisra, sai yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba su, Nikki ta faɗa hannun Faransa. A watan Gani, wato watan Mauludi, Nikki takan cika maƙil don bikin Gani: kakaki na tashi, tambura na amsawa, mahaya na sukuwa, maroƙa na jero asalin sarakuna. A wannan biki akwai wata babbar mace ta gidan sarauta da ake kira Yon Kogi, ita ce take aske kan 'ya'yan sarauta ta raɗa musu suna. Wannan bikin yana nan da ransa, daga Tsamiya ta Segbana hanya ce. Sai dai rufe iyakokin ƙasa da aka yi a watan Agustan 2019, da kuma rashin tsaro a hanyoyi, sun sa 'yan mata da yawa sun tashi ba su taɓa gani ba. Na tsohuwar Busa kuwa ba mai sake ganinsa a inda kakanni suka yi shi, domin ruwan madatsar Kainji ya shanye garin a 1968.

Ko bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, an yi shi a 2009 sai ya tsaya cak har 2020. Yarinyar da ke aji ɗaya na firamare a lokacin da ya tsaya, sai da ta kusa gama sakandare kafin a sake buga gangar Matan Fada.

NAMU NA CIKIN GIDA

To amma 'yar uwa, kada ki ɗauka sai an je Legas ko Damagaram. Wasan da ya fi ba ni takaicin rashin gani, mata ne suka ƙirƙire shi, su ne 'yan wasa, su ne makaɗa. Sunansa wasan gauta. A gidajen sarautar ƙasar Hausa, matan cikin gida da kuyangi sukan shirya fada tasu ta kansu. Ɗaya ta sha rawani da alkyabba ta zama sarki, wata waziri, wata alƙali, wata sarkin dogarai. Sai su kwaikwayi tafiyar kowa da muryarsa da halinsa, ana kiɗa ana waƙa, sarki na gaskiya yana zaune yana kallo. In akwai hakimin da ke danne talakawa, ko bafaden da ya cika kwaɗayi, a nan sarki zai gani a cikin raha. Maganar da namiji mai gemu ba zai iya faɗa a fada ba, kuyanga ta faɗe ta da rawa, kuma ba a kama ta da laifi.

Sai kalankuwa, wasan samari da 'yan mata bayan an kawar da amfanin gona. A gayyato ƙauyukan maƙwabta, a naɗa gwamna da alƙali da likita da 'yan sanda duk na wasa, a ci tarar wanda ya karya doka, kalangu na tashi har kwanaki. Aure nawa aka ƙulla daga kallon juna a kalankuwa? Tambayi Kaka, in ta yi murmushi ta kau da kai, kin sami amsa.

Ga kuma gaɗa a dandali da farin wata, inda mai ba da waƙa take faɗawa baya ƙawaye su tallabe ta su cilla. A cikin waƙar gaɗa ne yarinya take faɗin wanda take so da wanda aka matsa mata, ba tare da ta kama suna ba. Ga tashe daga goma ga azumi, musamman na Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya take shigar miji ɗaya ta amarya, sauran suna koya wa amarya zaman gidan miji a cikin waƙa. Labari, shiga, kiɗa, amshi, 'yan kallo: me ya rage wa wannan ya zama wasan dandamali?

Tun da fim ɗin Hausa ya kankama da Turmin Danya a Kano a 1990, aka zo zamanin Sangaya da rawa da waƙa, dandali ya fara yin shiru. Bidiyo ya shigo ɗaki, daga baya waya ta shigo tafin hannu. Wasan gauta sai a littafin makaranta, kalankuwa sai jefi-jefi, gaɗa ma yau 'yan mata nawa ne a unguwarku za su iya jera waƙa biyar ba su kakare ba?

ABIN DA YA RAGE A HANNUNMU

Ba a mayar da ruwan da ya zube, amma wanda ya saura a tulu ana iya rufe shi. Waƙoƙin nan ba su mutu duka ba, suna nan a bakin Inna da Gwaggo da Kaka, da Hausa da Dandanci da Fulatanci da Busanci da Kyanganci, duk harsunan da Allah ya tara mana a wannan yanki. Ranar da aka ɗauki tsohuwa ɗaya zuwa makwancinta, da waƙoƙinta ake tafiya.

Saboda haka ga shawara. Ki sayi littafin rubutu guda ki keɓe shi. Da daddare bayan an ci tuwo ki matsa kusa da tsohuwa ki ce, "Kaka, don Allah wace waƙa kuke yi a dandali kuna 'yan mata?" Da fari za ta ce ke raba ni da shiririta, amma ki yi haƙuri, in ta fara ba za ki iya tsayar da ita ba. Ki rubuta waƙar, da yadda ake tafinta, da lokacin da ake yin ta, da sunan garin. In akwai waya a gidan, ki nemi izininta ki ɗauki muryar. Ku kuma 'yan ƙungiyar Hausa ta makaranta, ku roƙi malamarku ku shirya wasan gauta ko Mairama da Daudu ranar ba da kyaututtuka, cikin shiga ta mutunci, a gayyato iyaye mata su zauna a sahun gaba. Za ku ga tsofaffi suna gyara muku amshi daga inda suke zaune.

Mu an bar mu da jin labarin Shaihu Umar a dandamali da na kuyangin da suka yi wa sarki wasa a gabansa. Kada mu bar ƙannenmu da 'ya'yanmu da jin labarin gaɗa. Wadda ta samo wata tsohuwar waƙar dandali ta garinsu, ta aiko mana da ita tare da sunan garin, za mu buga a wannan fili in Allah ya so.