Kwamfuta a Masaƙa: Ruwan da Take Ceto da Sana'ar da Take Ci

Babu babbar masaƙa a Madarunfa, amma babu gidan da ba a yanka atamfa ko shadda. Kayan kan shigo daga Kantin Kwari na Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu kuma ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, kuma akasarinsu a Sin aka buga su. Yadda ake buga su ya sauya ƙwarai, ya kamata mai saye da mai ɗinki su san abin da sauyin ya ƙunsa.

A tsohon tsari, kowane launi da nasa gangar bugawa. In an gama sai a wanke ganguna, a wanke yadin, a tura ruwan rinin waje. Mutanen Kano sun ga sakamakon haka a kogin Challawa, inda dagwalon masaƙu da majemu na Sharaɗa da Challawa ya daɗe yana kwarara. Injin zamani kuwa kwamfuta ke sarrafa shi, yana fesa tawada ɗigo-ɗigo daidai inda zane ya buƙata. Babu gangar da za a wanke, wasu tawadun ma ba sa buƙatar a wanke yadi bayan bugu. Ana iya buga turmi ɗaya tak, maimakon dubbai da za su kwanta a sito. Akwai kuma na'urar auna launi da ke daidaita haɗin rini tun a karon farko, ba sai an sake tsomawa ba.

Sai dai wannan fasahar ce kuma ta sa satar zane ta zama wasan yara. A ɗauki hoton sabuwar atamfa, a tura ta waya, kafin wani lokaci kwafinta ya cika kasuwa da araha. Kaduna ta buɗe masaƙar KTL a 1957, har ta zama cibiyar saƙa ta Arewa. Amma a 2007 katafariyar masaƙarta UNTL ta rufe ƙofa, bayan rashin wuta da fasa-ƙwauri da kayan jabu sun taru a kanta. Da yawa daga cikin jabun nan zaren roba ne. Ba ya ruɓewa, ba ya buƙatar audugar manomi, ƙarshensa bola da magudanar ruwa. Haka injin surfani na kwamfuta ke gama wuyan riga cikin sa'o'i, aikin da mai allura zai share makonni a kai.

Ga kuma matsalar wuta. A watan Agustan 2023 Najeriya ta katse lantarkin da take bai wa Nijar, wanda a lokacin ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha. Injin da ya rage ruwa amma yake kwana kan janareta, ƙazantar kawai ya mayar sama. Tawada da kayan gyara kuma duk daga waje suke.

Abin da ke hannun talaka shi ne wayar salula. Marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda aka kafa a 1498, har yau da baba da toka da kanwa take aiki, kuma irin wannan rinin ne masu saye a ƙetare ke nema. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2024 da za ta sa tufafi su riƙa ɗauke da lambar da ke nuna asalinsu da abin da aka yi su da shi. Marini ko masaƙin da ya iya nuna aikinsa ta waya, ya karɓi oda kafin ya yanka, ya rage asara kuma ya tsallake dillali.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021, zai iya jawo masana'antu yankin nan. Tafkin Madarunfa da Gulbin Maraɗi su ke riƙe da masunta da masu lambu. Don haka duk mai neman filin masaƙa a tambaye shi tun kafin ya aza tubali: ina zai zuba ruwan rininsa, wa zai riƙa auna shi, kuma audugar wa zai saya?